Shekarar da Gwaggo Ta Yi Ƙyalli

Akwai wata magana da ake yi a gidanmu da na gaji da jin ta, kuma tunda ni ne sanadinta, gara in kashe ta da kaina a takardar nan tun ina da sauran numfashi. Duk sanda wani ya ɓata aiki, ko tuwo ya ƙone, ko tela ya gajarce hannun riga, sai ku ce "an yi fentin Baffa Dauda," ku kwashe da dariya. Har a bakin jikokina na ji ta, waɗanda ba su ma san mafarin zancen ba. Baffanku Dauda yana ji, sai ya yi murmushi ya ci gaba da abin da yake yi. To ku bar dariyar nan ku saurara. Dauda bai ɓata fentin Gwaggo ba. Ni na ɓata shi, kuma da gangan.

Ba gwaggonku Bilki nake nufi ba, kada ta ji ta taso mini. Ina nufin tsohuwar jif ɗin sojan nan mai rufin tamfol da ke cikin rumfa a gidan Gwagwarwa. Kakanku, Baba Kofur, direba ne a soja, kuma irinta ya tuƙa duk tsawon aikinsa. Da ya yi ritaya aka yi gwanjon tsofaffin motocin bariki, ya je ya tsaya a kan wannan har sai da ta zama tasa. Mu muka raɗa mata Gwaggo saboda ta girme mu duka, ga mita, ba ta tashi da safe sai an lallashe ta. Dauda kuwa ba cikinmu ɗaya ba, kun san wannan. Ɗan abokin Baba ne da ya rasu a bakin daga, Baba ya kawo shi gida ya ce ga ƙanenku. Na ba shi shekara biyu. Ban ƙi shi ba da farko, har tabarma ɗaya muke kwana. Abin da ya raba mu shi ne ƙarƙashin Gwaggo. Baba zai kwanta a can, ya miƙo hannu waje ba tare da ya ce komai ba, Dauda ya ɗora masa daidai sifanar da yake so. Ni in na miƙa, sai hannun ya dawo da ita, a ce "ba ita ba." Ranar da aka dawo mini da sifana sau uku a jere na tashi na kakkaɓe wandona, ban sake durƙusawa kusa da motar nan ba. Na ce a raina su ƙarata da baƙin mai, ni dama mai son tsaf-tsaf ne. Sai na shiga kasuwa, kasuwa ta kai ni Guangzhou ta ƙasar Sin, Dauda kuma ya zama makanike mai fenti, yana kwana yana tashi kusa da Baba.

A shekarar da nake ba ku labari na yi shekara goma sha bakwai a Guangzhou. Ina da ofis ɗin tura kaya a hawa na tara a unguwar Xiaobei, alhazan kasuwar Kwari da na kasuwar Wambai ta Kano suna layi a ƙofata, ina jin yaren mutanen garin har ina yi musu ba'a da shi. Ni na ɗora bene a gidan Gwagwarwa, ni na kai Baba Makka. Amma in na kira waya, gaisuwa ce ta minti biyu, sai ya ce "ga Dauda ku gaisa," in ji su suna ci gaba da hirarsu ta kafireta kafin ma a kashe. Mutum da furfura a gemu, da 'ya'ya a jami'a, ya ajiye waya yana jin zafi a ƙirji kamar yaron da aka hana alewa. Haka nake, ba zan ɓoye muku ba. Kishi nake da Dauda, kishi mai tsanani, kuma na san bai yi mini komai ba, wannan ma ya fi ba ni haushi.

A shekarar ne idon Baba ya tafi, sai haske da inuwa kawai yake bambancewa. Ya ce abu guda ya rage masa: a tada Gwaggo, a mayar mata da kalarta ta asali, a kai shi taron da tsofaffin sojoji suke yi duk shekara yana zaune a gabanta, ko sau ɗaya. Lokacin ta sha fenti iri-iri, har shuɗi an taɓa yi mata. Dauda ya gama inji, ya kankare bodi har ƙarfe, amma kore ya gagara. Duk wanda ya samo a Kano, ko koren ƙofar gida ne ko na allon makaranta. Sai Baba ya tuna da akwatin kayan aiki da ke ƙarƙashin kujerar direba. Ya sa aka kwance murfinsa. Cikin murfin nan rana ba ta taɓa gani ba, buroshin kowa bai taɓa shi ba, fentin bariki yana nan yadda aka fesa shi. Da na ji haka na kira na ce a ba duk wani ɗan kasuwa mai tahowa ya kawo mini, cikin sati guda zan haɗo musu.

"Ba saƙo zan aiko ba, Sabo," in ji Baba. "Ido zan aiko. Dauda zai taho da shi."

"Baba, fenti ne fa. Ni nan abin da ya fi fenti ina saye."

"Kai ka san gari, shi ya san mota. Ka kai shi inda ake haɗawa, ka yi masa tafinta."

Tafinta! Na maimaita kalmar nan a raina har na isa filin jirgi ɗauko shi. Ya fito da 'yar jaka guda, murfin kuwa yana naɗe cikin tsohon rawanin Baba, ya rungume shi a ƙirji. A cikin jirgin ƙasa na ƙarƙashin gari ma a cinyarsa ya ɗora. Na kai shi unguwar Tianhe don ya ga benayen da suke shiga gajimare, ya san inda yayansa yake rayuwa, ko zai ɗan rikice. Mutumin nan sai na waiwaya na gan shi ya tsuguna yana duba yadda aka fesa ƙasan wata motar bas. Ya ce, "Yaya, mutanen nan sun iya hannu." Abin da ya gani ke nan a duk Tianhe.

Kwana biyu muna yawo a kasuwar kayan mota. Wasu su dubi murfin su kaɗa hannu su ce "meyo, meyo," wato babu. Wasu su zaro littafin kaloli su nuna wani kore mai duhu mai sheƙi, su ce shi ne na soja. Ni na ce mu ɗauka, kore ai kore ne.

"A'a Yaya. Wannan koren ganyen mangwaro ne. Namu akwai ƙasa-ƙasa a cikinsa, kamar miyar kuka in ta kwana."

A rana ta uku wani mai sayar da bindigar feshi ya kwatanta mana wani tsoho a can lungun bayan kasuwa. Shagonsa bai fi ɗakin girki ba, gwangwanaye har rufi, yatsunsa sun rine ba a gane kalarsu. Na fara zuba masa bayani da yarensu, bai ko dube ni ba. Ya karɓi murfin hannu bibbiyu, ya fita da shi titi, ya tsaya a inuwa inda hasken rana yake isa amma ba ya dukansa, ya wanke wani gefe da ruwan sabulu, ya jira ya bushe, sannan ya shafa babban yatsansa a kai. Dauda ma ya sa nasa yatsan kusa da na tsohon. Suka dubi juna suka gyaɗa kai. Daga nan aikin tafinta ya ƙare, ban ma fara ba. Kwana uku suna zaune a kan 'yan kujeru, a ɗiga rawaya, a ɗiga baƙi, a ɗan taɓa ja kamar bakin allura, a fesa a ƙyallen ƙarfe, a jira, a fita titi, a dawo. Dauda ya ɗaga yatsa ɗaya, tsohon ya ƙara ɗigo ɗaya. In an dafa shayi, kofin Dauda ake fara cikawa. A rana ta biyu na ji tsohon ya kira shi "shifu," wato gwanin sana'a. Ni shekara goma sha bakwai ba wanda ya taɓa kira na da abin da ya wuce "lawban," wato maigida, kuma wannan duk mai jaka a hannu ana kiran sa haka. Ina tsaye a bakin ƙofa da takalmina mai sheƙi, ina korar sauro.

A nan na koyi abin da na yi ɓarna da shi. Bayan kala ta zauna, tsohon ya ɗauko wata jarka mai farin ruwa mai kauri kamar koko, ya auna ya zuba. Na tambaya, Dauda ya yi mini bayani da murna, don ya zaci na fara sha'awar abin.

"Wannan shi ke kashe ƙyalli, Yaya. Baba ya ce motar soja ba ta sheƙi, wadda ta yi sheƙi ita ake fara hangowa a harba. In aka fesa, yana ɗanye zai yi ta walƙiya kamar kowane fenti. Sai ya bushe ƙyallin yake mutuwa. A gwangwani ba ka isa ka bambance ba."

Da yammacin ranar da suka dace, aka ajiye ƙyallen ƙarfen kusa da murfin, ba ka iya cewa ga tsoho ga sabo. Dauda ya ce in kira Baba. Ni na kira, da wayata, ni nake riƙe da ita a saitin bakin Dauda yana kwatanta masa. Na ji Baba yana dariya irin wadda rabon da in ji tun ina yaro.

"Na san idonka ba zai ci amanata ba. Allah Ya yi maka albarka, Dauda." Sannan ya ƙara da cewa, "In ka ga Sabo ka gaishe shi."

In ka ga Sabo. Hannuna ne ke riƙe da wayar.

Bizar Dauda ta kusa ƙarewa, fenti kuma ba ya hawa jirgin sama saboda yana kama wuta, sai ta ruwa. Aka shirya tsohon zai haɗa cikakken adadin bayan kwana biyu, ni in karɓa in sa a kwantena. Dauda ya rubuta ma'aunin, ya bar mini komai, ya rungume murfinsa ya tafi. Washegari da hantsi na koma lungun ni kaɗai. Na ce wa tsohon ya haɗa kalar yadda suka yi, amma kada ya zuba farin ruwan.

"Motar soja ce fa," in ji shi.

"Na sani. Mai sheƙi ake so."

"Shifu ya san da haka?"

"Shi ya aiko ni."

Ya daɗe yana kallo na ta saman tabaronsa. Sannan ya haɗa, ya rufe gwangwanayen da guduma, ya ɗauko jarkar farin ruwan ya tura mini da ƙafa. Ya ce in tafi da ita, ko zan sake shawara kafin jirgi ya tashi. Na kai ta ofis na cusa ƙarƙashin tebur. Kwana tara kayan suna sito kafin a loda, kullum ƙafata tana taɓa jarkar nan, ban sake shawara ba. Na riƙa gaya wa kaina ai mai sheƙi ya fi kyau, Baba ba ya gani, mutane za su yaba, sai in fito in ce ni na zaɓa. Wannan ƙarya ce da na yi wa kaina don in iya cin abinci. Gaskiyar ita ce ina so, sau ɗaya a duniya, hannun Baba ya dawo wa Dauda da abu ya ce "ba shi ba."

Kwantenar ta makale a tashar jirgin ruwa, ba ta iso Kano ba sai ana saura kwana huɗu taron. Ni ma na sauka a satin, na ce kewar gida ce ta kawo ni. Dauda mutum ne da ba ya fesa komai sai ya gwada a ƙyallen ƙarfe, amma lokaci ya ƙure, kuma kayan daga hannun yayansa suka fito, murfin gwangwanin ko kwarzane babu. Ya kewaye rumfa da tamfol, ya yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura, ya fesa ta gaba ɗaya da sassafe. Ta fito tana walƙiya, ya ce kowa ya kwantar da hankali, za ta mutu. Azahar ta yi ba ta mutu ba. La'asar ta yi. Washegari aka yaye tamfol, Gwaggo tana tsaye tana sheƙi kamar motar kai amarya, har kana ganin fuskarka a ƙofarta. Dauda ya zagaya ta sau biyu yana taɓawa da bayan yatsa. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ba da fushi ba, sannan ya sunkuyar da kai. Gwaggonku Bilki ce ta fara magana, ta ce mutum ya tafi har Sin ya dawo da fentin akwatin lefe. Ranar aka haifi maganar da kuke yi, ina tsaye, kuma na yi dariya tare da kowa.

Aka riƙo hannun Baba aka fito da shi. Tun kafin ya ƙaraso ya kare fuskarsa, domin haske kaɗai ya rage wa idonsa, motar kuma haske take watsowa. Ya ɗora tafinsa a kan bonet, ya ja shi a hankali tun daga gilashi har hanci.

"Baba, laifina ne," in ji Dauda. "Ban gwada ba na fesa. A ba ni lokaci in kankare."

Baba ya ce, "Kada wanda ya taɓa ta. A mayar da ita ciki."

Ba zai shiga cikin abokansa da motar soja mai ƙyalli ba, kowa ya san wannan, su da suka san dalilin abin da jininsu. A motata na kai shi taron. Yana gaba kusa da ni, Dauda yana gida, daidai yadda na shekara arba'in ina so. Tun daga Gwagwarwa har muka je muka dawo abin da ya ce mini bai wuce "a hankali, akwai rami" ba, shi da ba ya gani, ya haddace titin. Ban taɓa tuƙi mai ɗaci irin wannan ba. Taron da ya yi na ƙarshe ke nan. Kafin shekara ta zagayo mun kai shi makwancinsa, bai zauna a gaban Gwaggo ba.

Na koma Guangzhou na ci gaba da harkata, jarkar tana ƙarƙashin tebur. Sau biyu na sauya ofis, sau biyu na ɗauke ta da hannuna, ban yarda leburori su taɓa ba. Na daina bi ta lungun tsohon nan ko da hanya ta kai ni. Sai da gwiwa ta gaza na tattara na dawo gida gaba ɗaya, na sa ta cikin kayana na ƙarshe. Wata safiya na ɗauke ta na tafi garejin Dauda, na dire a gabansa. Ya goge hannu, ya ɗaga ta ya girgiza.

"Ai ya daskare, Yaya."

"Ka san mene ne?"

"Tun ranar da aka yaye tamfol na sani."

"Shi ne ka bari yara suna yi maka dariya duk shekarun nan?"

"Baba ne ya ce in bari."

Sai da na nemi benci na zauna. Na ce Baba ya sani? Dauda ya ce a ranar, bayan la'asar, da mutane suka watse, Baba ya kira shi ɗaki ya ce, wannan ba idonka ba ne, na Sabo ne, tun yana ƙarami in aka ba shi kwabo sai ya goge shi da toka kafin ya kashe. Dauda ya ce ya sake roƙo a bar shi ya kankare, ko bayan taron ne.

"Sai ya ce mini, a'a. Shekara arba'in ina jiran yaron nan ya dawo ya sa hannu a motar nan. Tun ranar da ya kakkaɓe wando ya tafi nake miƙa hannu ina sa ran tasa sifanar. To ya sa hannu. Bai iya ba, amma ya sa. A bar masa kayansa, kuma kada ka nuna masa na gane, kunya za ta hana shi zuwa gida."

Dauda ya ce daga ranar, kullum da hantsi sai Baba ya sa an kai shi rumfa, ya ɗora tafinsa a kan bonet ɗin ya ɗan tsaya, sannan a mayar da shi.

To kun ji. In dole sai kun yi wa mai ɓata aiki ba'a, ku ce an yi fentin Sabo, ni na ba ku izini, kuma ku je ku nemi gafarar baffanku ɗaya bayan ɗaya, har da ke Bilki in an karanta miki. Gwaggo kuma kada wanda ya sake mata fenti bayan raina, ko da mai saye ya zo ya ce ba kalarta ba ce. Ya yi gaskiya, ba ita ba ce. Na nemi gafarar Dauda, ya ce ba komai tun kafin in rufe baki, kamar yadda ya saba, har ya ɗan ba ni haushi. Ina son in ce muku daga ranar zuciyata ta wanke tas, amma na yi alkawari ba zan yi ƙarya a takardar nan ba. Ina tafe gida daga garejin, hawaye yana zuba, sai na kama kaina ina wani tunani. Magana mafi daɗi da ubana ya taɓa yi a kaina duk tsawon rayuwarsa, ita ma Dauda ya faɗa wa.